Wanda Ya Fasa Jingar Shinkafa

Ranar da Fada, limamin cocinsu, ya zo ba wa Shu'ibu Jibin Ubangiji, wato tsattsarkar gurasa, ruwa ya riga ya cinye hanyar Kirikasamma, sai a kwalekwale aka kawo shi. Wa kuma ya tuƙo shi? Haruna! Mairam, yayar Shu'ibu, na hango shi ta ja tsaki, ta juya wa ƙofar gida baya.

Shekara uku ke nan ba ta gaishe shi. A daminar da aka fasa jingar da ke tare ruwa tsakanin gonakin shinkafa da gidaje, ambaliya ta kwararo cikin ƙauye, katanga ta faɗa wa mijinta, ko shurawa bai yi ba. Gonar Haruna na cikin waɗanda suka tsira, don haka Mairam ta yanke hukunci shi ne. Tun daga nan, in 'yan cocinsu, da ba su fi gida goma ba, sun tashi karɓar Jibi, ita sai ta zauna daram a benci. Ta san ba a karɓar jikin Almasihu da gaba a zuciya, ita kuwa ba ta da niyyar sauke tata.

Yanzu ga ƙanenta Shu'ibu kwance, ciwon ƙoda ya gama da shi. Abu ɗaya take roƙo, kada ya tafi bai karɓa ba.

Fada ya daɗe a ɗaki yana jin iƙirarin zunuban Shu'ibu, sannan ya leƙo ya ce, "Mama, yana kiranki. Ke da Haruna."

Ta shiga tana hura hanci. Fada ya ɗaga 'yar farar gurasar, amma Shu'ibu ya kau da kai.

"Yaya," ya ce da ƙyar, "ni na fasa jingar."

"Zazzaɓi ne ke sa shi sambatu, Fada. Ka ba shi Jibin kawai," in ji Mairam.

"Da fartanyar Baba na fasa. So nake ruwan ya janye daga gonata, shinkafata ta tsira. Ban san ruwan zai biyo ta gidanki ba."

Wayyo! Mairam ta zauna daɓas a tabarma. Yaron da ta goya, wanda ya haƙa kabarin mijinta da hannunsa, wanda yake cin tuwonta kullum tana tsine wa wani a gabansa! Ta waiga ta dubi Haruna, ko zai ce ƙarya ne. Mutumin nan kansa na ƙasa.

"Kai ma ka sani?"

"Na gan shi da safiyar ranar, Maman Tasi'u. Na ce a raina kin rasa miji, kada ki rasa ɗan'uwa kuma."

Kunya da baƙin ciki suka taru mata, ta rasa wanda za ta fara ji.

"Allah ya yafe masa," in ji Fada a hankali. "Amma ya ce ba zai karɓa ba sai ya ji daga bakinki."

Numfashin Shu'ibu sai sama yake yi. Mairam ta nemi kalmar yafiyar nan, wallahi ta neme ta, ba ta samu ba. Sai ta ja gwiwa ta matsa, ta tallafo ƙeyarsa.

"Bakina ya kasa, Shu'ibu," ta ce. "Buɗe naka, ina riƙe da kai."