Wanda Aka Bari Riƙe da Rufi

"Sun gyara masa ƙafa," in ji Mai Zane. Ya turo mini mujallar da hannunsa na hagu, wanda shi kaɗai ya rage yana jin maganarsa. "Duba shafi na uku, Akawu. Ƙafar da na yi shekara ashirin ina ɗingisa ta."

Na gyara zaman tabarau na duba. Wani saurayi ne mai faɗin ƙirji yake tsalle daga wannan bene zuwa wancan, haƙoransa duka a waje kamar mai tallan man goge baki. A bangon mujallar an rubuta KATANGA da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashi kuma: Sabon Zubi, Fitowa ta Ɗaya.

"Ai lafiya ya samu," na ce. "A iya sanina, murna ake yi idan gurgu ya miƙe."

"Wannan ba miƙewa ya yi ba. Wani ne ya saci rigarsa."

'Yarsa, wadda duk gidan muke kira Nas saboda aikinta, tana bakin taga tana ninke wanki. Ita ta sayo mujallar a hanya, da zaton za ta faranta masa rai.

"Da na sani da ban kawo ba, Baba."

"Da kin ɓoye, da Akawu ya kawo. Shi ba ya iya ganin takarda bai kai ta inda za ta yi ɓarna ba."

Ban musa ba. Shekara talatin da biyar na yi a ofishin gwamnati, kuma yawancin aikin ke nan.

Mai Zane maƙwabcina ne a hawa na huɗu, ƙofarsa tana kallon tawa tsawon shekara goma sha tara. Shi ya ƙirƙiro Katanga, jarumin labarin zane da ake bugawa kowane wata. Katanga magini ne. Ba ya tashi sama, ba ya fitar da wuta daga ido. Baiwarsa guda ce: duk abin da ya sa wa kafaɗa ba ya faɗuwa. Mai Zane yana da wata ƙa'ida da ta bambanta shi da sauran masu sana'arsa, wato duk shekarar da ta wuce a kansa sai ya ƙara wa Katanga ita. Ya sa masa furfura lokacin da tasa ta fito. A fitowa ta saba'in da biyu gada ta danne masa gwiwa, bai sake tafiya daidai ba. Da matar Mai Zane ta rasu, bayan wata uku matar Katanga ta bi ta, jarumin ya yi fitowa biyu cur bai ce uffan ba. Masu karatu suka fara aiko da wasiƙun zagi, daga baya suka koma aiko da na ta'aziyya.

A fitowa ta ɗari uku da goma sha biyu, rufin babbar tashar jirgin ƙasa ya tsage. Katanga ya shiga ƙarƙashi ya tare shi, jama'a suka yi ta gudu har mutum na ƙarshe ya fita. Ya rage shi kaɗai, idan ya saki a kansa zai sauka. A ƙasan shafin aka rubuta cewa labari zai ci gaba. A watan ne kamfanin ya ce ciniki ya ja baya, ya dakatar da mujallar. Shekara biyar ke nan Katanga yana tsaye a wurin.

Shi ma Mai Zane wata takwas ke nan bai taka ƙasa ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aka dawo da shi daga asibiti a kan kujera, maza huɗu suna haki, suna buga shi da bango a kowace kwana. Matakalar gidanmu sittin da huɗu ce, na ƙirga. Tun ranar ya rantse ba mai sake ɗaukarsa. Nas ta gyara masa ɗaki a gidanta, a ƙasa, kusa da asibiti, ta yi lallashi har ta gaji.

"Ni ba buhun siminti ba ne," shi ne amsarsa kullum.

Duniyarsa ta zama gado, teburin zane da aka jawo kusa da gadon, da taga mai kallon bayan wani benen, inda ba abin gani sai bututun ruwa da igiyar shanya.

A ranar da sabuwar mujallar ta zo ya ce in rubuta wa kamfanin wasiƙa. Ba ya neman komai sai shafi ɗaya, a ƙarshen kowace fitowa suka ga dama, domin ya fitar da tsohon daga ƙarƙashin rufi. Na rubuta ta yadda ya kamata, da kwanan wata, da take, da sakin layi uku. Amsa ta zo bayan mako uku, cike da ladabi. Sabon editan ya yaba da gudummawar Mai Zane, sannan ya bayyana cewa a sabon tsari Katanga ɗan shekara ashirin da biyu ne, bai taɓa aure ba, kuma ƙarfinsa daga wani dutse da ya faɗo daga sama ya samo shi. Game da batun tasha, a wurin kamfani abin bai taɓa faruwa ba.

Na san irin wannan wasiƙar, na sha rubuta ta. Fayil ɗin da aka rasa yadda za a yi da shi ba a rufe shi. Cewa ake yi ba a taɓa buɗe shi ba.

"Bai taɓa faruwa ba," Mai Zane ya maimaita. "To wane ne ke tashina da ciwon kafaɗa kowace safiya? Ɗauko rula, Akawu. Mu za mu yi shafin."

"Wa zai buga?"

"Ban ce a buga ba. Cewa na yi a fitar da shi."

Yadda yake aiki shi ne, kafin ya zana komai sai ya raba shafi gida shida da rula, kowane gida hoto ɗaya. Jan layi da rula yana buƙatar hannu biyu. Ni kuwa ban iya zana ko kaza ba, amma na raba takardu gida-gida fiye da yadda zan iya tunawa. Na ja masa gidajen, ya duba, ya ce wannan ne karo na farko da ya ga amfanin gwamnati.

Gida biyar na farko sun ci mako shida. Da hannun hagu yake yi, fensirin yana rawa, ni ina danne masa takardar. Fuskar Katanga. Gwiwar tana karkarwa. Ƙasa tana zubowa daga tsagar. Ƙofar tashar a buɗe, ba kowa. Tafin hannayensa manne da siminti. Gida na shida ya tsaya fari fat, domin Mai Zane bai san yadda zai fitar da shi ba.

Na ba da shawarwari, kamar yadda ya dace da maƙwabci.

"Ya saki ya ruga da gudu."

"Da wace ƙafar?"

"Sabon yaron ya zo ya karɓe shi."

"In ya kusanci shafina sai na karya masa haƙora."

"To ya ɗaga murya ya kira a taimake shi. Kowane mahaluƙi yana da baki."

Ya juyo ya dube ni da ido ɗaya, wanda yake buɗewa sosai. "Fitowa ɗari uku da goma sha biyu, Katanga bai taɓa kiran kowa ba. Ranar da matarsa ta mutu ma shi kaɗai ya haƙa kabarin. Yanzu in sa masa magana a baki wadda ba tasa ba?"

"Kai ka ƙirƙire shi. Abin da ka ce shi zai yi."

"A shekarun farko ke nan. Daga ta biyar shi yake gaya mini abin da zai yi, ni in zana. Kamfani ne kawai yake da ikon sa mutum ya zama wani."

"To a bar rufin ya faɗo," na ce, don na gaji.

Mai Zane ya mai da idonsa kan gida na shida. Nas, wadda take haɗa magani a gefe, ta tsaya da cokali a hannu.

"Ina tunaninsa," ya ce. "Kullum."

Ta ajiye cokalin ta fita baranda. Na ji tana fyace hanci.

Bayan wannan sai jikinsa ya fara ja da baya a fili. Likita yana hawowa duk mako biyu, ya huta a hawa na uku, ya iso ya faɗi abin da ya faɗa a zuwan baya: a sauko da shi. Mai Zane ya ce likitan ya fi shi buƙatar gado.

Wata Litinin injin da ke tura ruwa sama ya lalace. Da hantsi na ji ana buga ƙofarsa, na leƙa. Telan da ke da shago a ƙasa ne, da direban hawa na biyu, da mai gyaran rediyo, kowa da jarka a kafaɗa, gumi yana ɗiga.

"Wa ya kira ku?" in ji Mai Zane daga gado.

"Sai an kira mu, Baba?" in ji Tela, yana sauke jarkar. "Famfo ya ƙafe, kuma mun san hawa na huɗu ba shi da ƙafa. Ɗaya gurgu, ɗaya Akawu."

Idonsa ya faɗa kan shafin da ke tebur. Ya goge hannu a riga ya sunkuya. Ashe tun yana koyon ɗinki yake karanta Katanga, a ɓoye, a ƙarƙashin keken maigidansa.

"Har yanzu yana nan? Kai. Ni fa abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, Baba, mutanen nan da suka fita, ina suka je? Haka kawai kowa ya tafi gida ya kwanta, ya bar bawan Allah da gini a ka? Ko garin ba 'yan halak?"

Direba ya yi dariya. Mai Zane bai yi ba. Ya bi jarkokin da kallo, ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara ashirin da shida," ya ce bayan sun fita, "ban taɓa zana musu fuska ba. Ɗigo-ɗigo nake yin su, suna gudu. Miƙo fensir."

Kwana biyu ya yi a kan gida na shida. Ya zana Katanga zaune a ƙasa, gurguwar ƙafar a miƙe, hannayensa har yanzu a sama domin sun manta yadda ake sauka. Kewaye da shi mutane ne da fuskokinsu, ɗaya da tef na awo a wuya, kowa ya rungumi wani abu da babu shi. A samansu rufin, da tsagarsa.

"Saura ginshiƙai," ya ce ranar Laraba, muryarsa can ƙasa. "Goma sha biyu, daga ƙasa zuwa rufi, a hannun kowa ɗaya. Miƙaƙƙen layi ne kawai, Akawu, abin da ka iya ke nan. Da tawada."

A nan ne na yi abin da har yau nake juyawa a raina. A duk rayuwata ban taɓa sa tawada a takardar asali ba sai na yi gwaji a wata. Na ce zan tafi da shafin ɗakina in auna, in gwada, in kawo masa aiki mai tsabta.

"Yi sauri," ya ce. "Na riga na zaunar da shi. Rufin nan ba abin da ke riƙe da shi yanzu."

Tun ranar Litinin Tela ya ce za su dawo Asabar da kujera su sauko da shi, Mai Zane ya yi kamar bai ji ba. Ina bakin ƙofa na ji ya ce wa Nas, "Ki gaya wa Tela, idan sun zo da kujerarsu ranar Asabar ba zan kore su ba. Amma ki gaya masa ban kira su ba."

"Zan gaya masa, Baba. Har a rubuce, in kana so. Ga Akawu."

Na yi gwaji ranar Laraba da yamma. Na yi na Alhamis, guda bakwai, domin tazarar ginshiƙi na tara da na goma ta ƙi daidaita. Da la'asar ina kan na takwas Nas ta ƙwanƙwasa ƙofata, a hankali, sau biyu. Da na buɗe na ga fuskarta, na san Mai Zane ya cika.

Su ukun da suka kawo ruwa suka hawo, ƙanen Tela ya cika su huɗu. Ba wanda ya aika musu. Suka sauko da shi sannu a hankali, a kowace kwana Tela yana cewa, "A kula da bango." Ina biye da su. Ban yi niyyar ƙirgawa ba, amma sittin da huɗu ce har yanzu.

Washegari da safe na ture takardun gwajin gefe, na shimfiɗa shafin a kan teburina, na ɗora rula. Goma sha ɗaya sun fita yadda ake so. A na ƙarshe hannuna ya goce, ginshiƙin ya ɗan karkata zuwa dama, kamar mai jingina nauyinsa a ƙafa ɗaya. Na ɗauko abin kankarewa, na riƙe shi na ɗan lokaci, na mayar da shi aljihun tebur.

Na kai shafin ɗakinsa, na ajiye a teburin zane kusa da taga don tawadar ta bushe. Nas ta riga ta cire zanin gado. Katanga yana zaune a gida na shida, hannayensa a sama, tsakanin tafinsa da rufin akwai farar tazara, ba ta fi faɗin farce ba.