Gaisuwar Zaure

Mijinyawa na tsaka da dangwala ƙosai a yaji, ɗaya hannun yana jan allon waya, sai ya ci karo da saƙon. A tsaye ya karanta shi, a ƙofar shagonsa na buga takardu da gyaran kwamfuta da ke kusa da tashar Karaye. Ya sake karantawa, sannan ya ɗora ƙosan a kan injin fotokwafi bai ma san ya ɗora ba.

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na rubuta abin da Malam Mijinyawa ya ba ni jiya, kuma alhamdu lillahi wuri ya samu sosai. Sai dai ban ga foldar da na adana muryar mahaifina ba. Don Allah a ina ake duba ta?"

Mai saƙon Malam Ja'afar ne, malamin firamare a Ruwan Bago, can cikin Rogo. Bai daɗe da shiga zauren ba.

Zauren na WhatsApp ne, na masu amfani da Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta, a Kano da kewaye. An buɗe shi ne don taimakon juna, amma in za a faɗi gaskiya, rabin abin da ake yi a ciki surutu ne da tsokana. Wani zai tambayi yadda zai sa firinta ta yi aiki, kafin a ba shi amsa sai an yi musu a kan wane irin Linux ne na maza, wane ne na masu koyo. Akwai wani Abdussalam a Kano da ba ya iya gaisuwa sai ya sanar da duniya cewa shi da hannunsa ya haɗa tasa manhajar. Mijinyawa kuwa shi ne sarkin barkwancin wurin, kuma yana ji da wannan sarauta fiye da yadda yake ji da shagonsa.

Shi ne ma ya ƙirƙiro abin da suke kira gaisuwar zaure. Duk sabon shiga da ya yi tambayarsa ta farko, amsar ƙarya ake fara ba shi. A ce masa ya juya kwamfutar ta kalli gabas, ko ya hura mata iska a bayanta. A yi dariya, sannan nan take wani ya ba shi amsar gaske a ce masa barka da zuwa. Ba a taɓa samun matsala ba, domin gyaran yakan biyo bayan wasan kafin mutum ya ɗaga hannu.

Jiya da la'asar Malam Ja'afar ya yi tasa tambayar. Tsohuwar laftof ɗinsa ta cika, yana son wurin da zai zuba bidiyon darasi na yara. Mijinyawa ya ga wasannin da aka saba sun tsufa, sai ya rubuta masa gajeren umarnin nan da kowane ɗan Linux ya sani kuma yake tsoro, wanda ke share duk abin da mutum ya ajiye ba tare da ya tambaye shi ko ya tabbata ba. Ya ƙara da cewa, "Wannan zai ba ka wuri har ka rasa abin zubawa." Zaure ya ɓarke da dariya. Zahra'u, wadda ke kula da zauren, ta rubuta da manyan baƙi cewa kada ya kuskura, wasa ake yi. Mijinyawa ya rufe shago ya tafi gida yana jin daɗin kansa.

Abin da bai zo masa a rai ba shi ne sabis ɗin Ruwan Bago ba na Karaye ba ne. Yakan leƙo ya ajiye saƙo ɗaya ya ɓace har gobe.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Zahra'u ce, ko sallamar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Na kira shi ba ta shiga. Mijinyawa, in ya ci gaba da zuba abubuwa a kan faifan ajiyar kwamfutar nan, ka san abin da zai faru. Ko ɓurɓushi ba za a samu ba."

"Na sani."

"To kai ne kusa. Mu muna Kano."

Ya rufe shagon da bai gama buɗewa ba, ya jefa filasha da tasa laftof a jaka, ya buga babur.

Damina ta yi nisa, masara ta rufe gefen hanya. Daga Rogo ya sauka daga kwalta ya kama hanyar ƙasa, inda ruwan shekaranjiya ya bar taɓo a kowane kwari. Yana tafe yana shirya maganar da zai yi. Zai ce ai an rubuta gyara. Zai ce ai kowa ya san wannan umarni. Duk wadda ya ɗauko sai ya ji ba ta da daɗin ji ko a kunnensa shi kaɗai, ya yar da ita. A zuciyarsa yana fatan abu ɗaya, wanda shi kansa ya ji kunyarsa: zauren kan tara ɗaruruwan saƙonni a dare guda, wataƙila malamin bai koma baya ya karanta ba.

A makarantar aka nuna masa Malam Ja'afar, dogo siriri, da alli a gefen hannun rigarsa. Da jin sunan baƙon sai ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ikon Allah! Injiniya da kansa? Tun daga Karaye? Sannu da hanya. Ya ka baro mutan gida?"

"Lafiya lau, Malam. Ina kwamfutar? Tana kunne?"

"Tana gida, na kashe ta da safe. Mu je ka sha ruwa tukuna."

Gidan na gefen gari, da garken shanu a bayansa. A ɗakin soro Malam Ja'afar ya shimfiɗa tabarma, ya ɗauko laftof ɗin a naɗe cikin ɗankwali. Yayin da Mijinyawa ke soka filasha yana tada ta daga cikin filashar don kada ya taɓa faifan, malamin ya zauna a gefe yana ba shi labari a hankali.

Baffa, mahaifinsa, ya rasu kafin faɗuwar ruwan bana. Makiyayi ne tun yana yaro, ya san kowane burtali daga nan har kudu, ya san rijiyoyin da suka ƙafe da waɗanda aka mayar gona, ya san kakanninsu da inda kowanne ya yada zango. Da tsufa ya kwantar da shi, sai Ja'afar ya riƙa zama wurinsa bayan sallar la'asar da waya a hannu, tsohon yana magana, rabi Fulatanci rabi Hausa. Rani biyu suna haka. Wayar ƙarama ce, in ta cika sai ya kwashe ya zuba a laftof ya goge na wayar.

"Ba ka da shi a wani wuri? Ko filasha? Ko ka tura wa wani?"

"Kullum ina cewa zan yi."

"Bayan ka rubuta umarnin, ka zuba wani abu?"

"Bidiyon yaran. Da na ga wuri ya samu sai na zuba su duka, har na ƙara da na wani abokin aikina."

Abin da aka share yakan zauna a faifai kamar sawun ƙafa a gona, muddin ba a sake bi ta kai ba. Malam Ja'afar kuwa ya bi ta kai da garma. Mijinyawa bai faɗa masa haka ba, ya dai kunna manhajar tono abin da aka goge, ya haɗa laftof ɗin da batirin solar maƙwabci, suka zuba wa allo ido.

Aikin ya ci yini. Suka yi azahar a masallacin unguwa suka dawo, aka kawo fura da nono mai sanyi, Mijinyawa ya sha don kada a ce ya ƙi, amma bai ji ɗanɗanonta ba. Wayarsa shiru, babu sabis, babu zaure. Rabonsa da ya wuni bai ba kowa dariya ba har ya manta.

Fayilolin suka fara dawowa ba suna, sai lambobi. Suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsohuwar takardar jarrabawa ce. Wancan rabin hoton biki ne, ƙasansa toka-toka. Na sauti kuwa yawancinsu ƙara ce kawai, shuuu, kamar rediyon da ya rasa tasha. Duk wanda aka buɗe sai Malam Ja'afar ya matso da kunnensa, sannan ya koma ya jingina da bango ya ce, "To, na gaba."

Rana ta karkata sannan wani fayil ya buɗe da tari. Tarin tsoho, sai ƙarar kofi a kan tire, sai murya mai kauri a hankali:

"...in ka kai nan kada ka bar su su sha, ka daure ka ƙara gaba. Kana ji na, Ja'afaru? Ko abin naka ya mutu ne? Duba ka gani. To, daga nan sai ka ga wata tsamiya..."

Nan ya yanke.

Malam Ja'afar ya miƙa yatsa ya sake dannawa. Ana cikin na biyun sai labulen ƙofar cikin gida ya motsa, wata tsohuwa ta shigo da sauri har mayafinta na zamewa. Inna Hajo ce, mahaifiyarsa. Ta tsaya ta dafa bango har muryar ta kai tsamiya ta tsaya.

"Shi ne," ta ce. Ta zauna a bakin tabarma ta dubi Mijinyawa. "Kai ne mai gyaran? Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Allah ya jiƙan iyayenka in sun rigaye mu, in suna raye Allah ya bar ku tare. Sa mini wanda yake faɗin ranar da ya je ganina a rugarmu saniya ta bi shi. Yana yi yana dariya. Shi nake so."

Mijinyawa ya dubi allo. Jerin ya ƙare, babu sauran na sauti. Ya buɗe baki, bai san me zai fito ba, sai Malam Ja'afar ya riga shi.

"Inna, na'urar ce ta tsufa. Wannan kaɗai ta bari. Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa tun safe."

Tsohuwar ta gyara mayafinta. "To," ta ce. "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sake sa mini wannan ɗin."

Mijinyawa ya kwafi guntun a filasharsa, ya kwafa a wayar malamin, ya kwafa a tasa laftof, sannan ya cire filashar ya danƙa masa. Abin da ya kamata a ce shi ya koya wa mutumin jiya ke nan, kuma ba zai ɗauke shi minti biyu ba.

A waje, wurin babur, ya kasa hawa. Ya tsaya yana murza makulli.

"Malam, akwai maganar da ya kamata ka sani. Umarnin nan da na ba ka..."

"Na sani, Injiniya."

Mijinyawa ya ɗago.

"Da safe da na tura tambayata, ban sauko daga tudun makaranta inda sabis ke kamawa ba sai da na koma baya na karanta duka. Na ga na Malama Zahra'u. Na ga masu dariyar ma, har da wanda ya ce a ba ka kambu." Ya faɗe shi ba tare da ɗaga murya ba, yana kakkaɓe allin hannun rigarsa. "Ni ban san ana yi wa baƙo haka ba. Na ga sunanka ne kullum a zauren, na ce wannan shi ne babba a cikinsu."

"Ka sani, kuma ka tarbe ni haka?"

"Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Har yanzu ma a ɓace yake. Amma in na kore ka, wa zai tono mini abin da ya rage?"

"Don Allah ka yafe mini, Malam."

Malam Ja'afar ya dubi garken shanu na ɗan lokaci. "Zan yi ƙoƙari," ya ce. "Ba yau ba dai."

Ya koma cikin gida, ya fito da jarkar nono cike har wuya. Ya durƙusa ya fara ɗaure ta a bayan babur da igiyar roba, yana ja yana gwada ƙarfinta.

"A'a, Malam. Wallahi ba zan iya karɓa ba."

"Inna ce ta ce a ba mai gyara." Ya ƙulle igiyar ya miƙe. "Ka tafi da shi. In ka bari za ta tambaye ni dalili."

Mijinyawa ya hau. Kafin ya buga babur ɗin, ya jiyo ta tagar soro an sake kunna guntun, tsohon ya sake yin tari, ya sake tambayar Ja'afaru ko abin nasa ya mutu ne.