An Rubuta Tsahara Ba Ta Fita

A Treichville, wata unguwa a Abidjan, aka haifi Lailatu, a gidan Alhaji Kailu, mutumin Madawa da ya zo Abidjan tun yana saurayi. Alhaji mai masauki ne. 'Yan kasuwar Kano da ke zuwa fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa wurinsa suke sauka, wani ya yi mako biyu, wani ya share wata huɗu. Lailatu ta yi karatun ƙididdiga, Faransanci ya fi zama a bakinta, Hausar kuwa sai a gida. Shekara biyu bayan rikicin da ya raba ƙasar, ta samu aiki a wani ofishi a unguwar Plateau da ke tsakiyar birnin, inda ake tsara wa kamfanoni hanyoyin mota.

Aikin farko da aka danƙa mata na wani kamfanin bas ne mai zaman kansa. Motocinsa sun tsufa, dole ya rage zirga-zirga, yana son a gaya masa layin da zai rage. Shugabanta, Mushe Kouadio (Mushe kamar Malam ne a bakin masu Faransanci), ya ce babu halin fita a tambayi fasinjoji. Ya ba ta sakamakon wani bincike da aka yi gida-gida a faɗin ƙasar kafin rikicin, ya ce ta yi aiki da shi.

Ta zauna ta yi, kuma ta yi da kyau. Alƙaluman suka nuna mata cewa mutanen Treichville yawanci a unguwarsu suke aiki, ko kasuwa ko tashar jirgin ruwa, matansu kuma kaɗan ne ke fita. Saboda haka ta ba da shawarar a rage bas ɗin da ke tashi daga Treichville ya haye gada zuwa Adjamé, inda babbar kasuwar saro take. Kamfanin ya karɓa. Aka cire motocin sassafe, na hantsi kuma aka bar ɗaya-ɗaya.

Ba ta yi zancen a gida ba, don ba ta saba kawo maganar ofis gida ba. Kullum tana riga mahaifiyarta fita, tana dawowa ta tarar da ita zaune a tsakar gida tana ƙulla turare a leda.

Wata Laraba da damina aka kira ta a wayar ofis. Maƙwabciyarsu Barakatu ce, ta ce ta zo gida, mahaifiyarta Hajiya Tsahara ta faɗi a mararrabar Indénié, kan hanyar Adjamé.

Ta tarar da mahaifiyar a kwance, an ɗaure mata idon sawu, ya kumbura suntum. Barakatu na mata fifita.

"Inna, me ya kai ku Indénié?"

"Ina zan bi in ba nan ba?" in ji Tsahara. "Bas ɗinmu ya ɓace. Sai ka tsaya rana ta dake ka, in ya zo ma a cike. Woro-woro muka shiga daga Adjamé, direban ya ce a nan zai juya. Na ɗora kayan a ka zan tsallaka titi, santsi ya kwashe ni."

Woro-woro su ne ƙananan motocin haya da ake cusa mutane a ciki. Lailatu ta san Inna na sayar da turare da atamfa ga matan unguwa, amma ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta yadda kayan ke zuwa gidan ba.

"Sau nawa kuke zuwa Adjamé?"

Barakatu ta yi dariya. "Ji 'yar nan! Ranar Juma'a kaɗai ba ma zuwa. Wani lokacin ma sau biyu, in an yi mana sautu."

Bayan la'asar Alhaji Kailu ya dawo daga masallaci ya zauna a kan kujerarsa ta ƙofar gida. Lailatu ta kai masa shayi, ta durƙusa gefe.

"Baba, kun tuna ko masu tambayoyi sun taɓa zuwa gidan nan? Waɗanda ke bi gida-gida da takardu."

"Sun zo. Kina jami'a lokacin. Wani ɗan siriri mai tabarau, na ba shi kujera."

"Me ya tambaye ku?"

"Abin da muke ci, da inda nake aiki, da me nake hawa in zan je. Na ce da ƙafa nake zuwa, ga shagon nan a bayan kasuwa."

"Inna fa?"

"Ya ce matata tana aiki? Na ce tana gida."

"Baba, ai kullum tana Adjamé."

Alhaji ya kurɓi shayi. "Wannan ai ba aiki ba ne, saro ne. Aiki ya tambaya. Kuma ina ruwan baƙon namiji da fitar iyalina?"

"Baƙin da ke ɗakunan baya fa? Kun faɗa masa?"

"Shi da kansa ya ce ba ya ƙirga baƙi, sai 'yan gida. Na ji daɗin hakan ma. Lokacin ana tsare mutane a hanya ana tambayar katin izinin zama. Zan ɗauki sunan mutumin da ya ba ni amanar kansa in miƙa wa wanda ban sani ba?"

Ya faɗi haka ne babu wani nauyi a ransa, don a ganinsa duk abin da aka tambaye shi ya amsa. Lailatu ta tashi da kofin ta shiga ciki. A lokacin baƙi shida ne a gidan, kuma kowannensu sai ya je Adjamé a yini, wasu har kasuwar da ake kira Black Market wajen masu rediyo da wayoyi. A takardar binciken kuwa gidan nan na mutum ɗaya ne mai tafiya da ƙafa.

Washegari ta koma kan alƙaluman, wannan karon ta fara daga shafukan bayani da ta tsallake a baya. Binciken don a auna talauci aka yi shi, zancen mota tambaya biyu ce kawai a ciki. An raba shi ne don ya wakilci ƙasa gaba ɗaya, gidajen da suka faɗo a Treichville ba su cika layi biyu na unguwar ba. Kuma tun daga lokacin, mutanen da suka gudo daga arewa da yamma sun cika ɗakunan 'yan'uwansu.

Ta shiga wurin Mushe Kouadio ta zayyana masa. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce da Faransanci, "Gidanku gida ɗaya ne, Madmazel. Ba zan je wa kamfani da labarin ƙafar mahaifiyarki ba. Ni na ba ki binciken, na kuma san shekarunsa. Kawo mini abin da zan aza a kan tebur."

Ta ga gaskiyarsa, ko da yake maganar ta sosa mata rai. Ya ba ta ma'aikata biyu na mako guda. Suka tsaya a tashoshi, a Treichville da Indénié da Adjamé, suna ƙirga masu jira, suna tambayar kowa inda ya fito da inda za shi, da Faransanci da harshen Dioula, ita kuma da Hausa in ta ga nasu. Wasu suka amsa, wasu suka kau da kai, wata tsohuwa ta ce mata in 'yar sanda ce ta faɗa tun da wuri.

Abin da suka samu bai yi daidai da tsammaninta duka ba. Masu hayewa Adjamé da safe sun ninka abin da binciken ya nuna, kuma mata sun fi yawa. Amma wajen dawowa, da yawansu ba sa son bas ko da yana nan, saboda ba a barinsu su shiga da manyan ƙunsuna. Kamfanin ya maido da motocin sassafe, ya ƙi taɓa na hantsi. Mushe Kouadio ya sa hannu a sabon rahoton, bai ambaci tsohon ba, ita ma ba ta tayar ba.

Sai da ƙafar ta warke Lailatu ta gaya wa mahaifiyarta cewa ita ce ta ba da shawarar rage motocin. Tsahara ta dube ta, ta tafa hannu, ta ƙwala wa Barakatu kira ta kan katanga ta zo ta ji wanda ya ɓatar musu da bas. Suka yi ta dariya, Lailatu na tsaye ta rasa inda za ta sa kanta.

"To yanzu ya dawo, Inna. Gobe da sassafe akwai."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Tsahara. "Amma mu mun riga mun shirya da Hadi, wani mai woro-woro ɗan Tawa. Mu huɗu ne, a ƙofar gida yake ɗaukarmu, ya jira mu gama saro, ya sa kayan a but ɗin mota. Ki gaya wa abokiyar saronmu Hajara dai, ita ce har yanzu take tsayuwa a tasha."

Lailatu ta yafa mayafi ta nufi gidan Hajara.