Gidan Kawu Daga Sama

Aikina a ofis shi ne duba hotunan da jirgi marar matuƙi ya ɗauko daga sama bayan ambaliya. Gidan da ya rushe in sa masa ja, wanda ya tsira in sa kore. Masu ja kaɗai ake ba tanti a sansani. Da na iso layin su kawuna a hoton, na ga rufin gidansa fes, kwano na ƙyalli, ko lanƙwasa babu. Na sa kore, na yi hamdala.

Ran Laraba sai ga Kawu a bakin teburina, laka har gwiwa.

"'Yar nan, an ce ke kika ce gidana yana nan."

"Yana nan mana, Kawu. Gani ya kori ji."

Na juya masa kwamfutar. Ya ƙura ido, ya karkata kai, ya ce shi ba tsuntsu ba ne, bai taɓa ganin gidansa ta sama ba. Na nuna masa mangwaron ƙofar gida da rijiya. Ya yarda nasa ne.

"Ikon Allah! To me ya sa ni da yara muke kwana a barandar makaranta? A kan idona fa ya faɗi."

Kaina ya ɗaure. Kawu ba ya ƙarya, hoto ba ya ƙarya, ni kuma da hankalina. Na duba kwanan watan hoton, daidai ne. Na kira shugabar sashenmu, wadda muke ce wa Tabarau. Ta sunkuyo, ta daɗe tana kallo.

"Ina inuwarsa?" ta ce.

Gidan maƙwabci, na bulo, ya shimfiɗa inuwa har tsakiyar titi. Na Kawu ko ɗigo babu. Ashe bangon laka ne ya narke, rufin ya sauko ɗungurungum ya zauna a ƙasa kamar murfin tukunya.

Kunya ta rufe ni. Na ja hoton gaba. Layin duka na sa masa kore, kuma ban da na bulon nan, babu gida mai inuwa ko ɗaya.

"An tura jerin sunayen masu ja?" na tambaya.

"Tun jiya," in ji Tabarau. "Tantuna sun ƙare da safe."

Kawu bai gane zancen inuwar ba. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya dafa kujerata.

"To 'yar nan, tunda yana nan ɗin, in kwashi yaran mu koma?"