Ragowar Fim ɗin Bunu

"Ɗaga min hular kaɗan, Yakaka, kada ta rufe min goshi."

Abin da na tarar Bunu yana faɗa wa matarsa ke nan da na shiga da kwanon kunun gyaɗa. Ta jingina shi da bango, ta tokare bayansa da filo, ta saka masa kaftaninsa na sallah, wanda yanzu ya yi masa yawa kamar na aro. Ɗansu Umara, da ko yaye shi ba a yi ba, yana kan cinyarsa, an shafe shi da mai sai ƙyalli yake. Na tambaya ko unguwa za a je da mutumin da ko bayan gida sai an riƙe shi. Yakaka ta ce a'a, Shu'ibu ne ya aiko cewa yau zai zo ya ɗauke su hoto.

Na ajiye kwanon na riƙe abin da ke bakina, don ba na gaban mara lafiya ba ne.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da su. Mu mutanen Filato ne, koyarwa ce ta kawo maigidana Luka Haɗeja, kuma tun da muka sauka Bunu bai taɓa kirana da wani suna ba sai Maman Rut. Aikinsa bin Shu'ibu mai hoto da bidiyo gidajen biki. Shu'ibu ya rataya kyamara yana taku ɗaiɗai, Bunu ya ɗauko janareta, ya ja waya, ya ɗaga fitilar nan mai zafi sama da kansa a ɗakin amarya har sai an gama. Duk bayan hannunsa tabon ƙuna ne.

To nawa ake biyansa? Ai nan ne abin haushin. Ba su taɓa yin ciniki ba. Duk wanda ya yi maganar, sai Shu'ibu ya dafa kafaɗar Bunu ya ce wannan ɗan'uwansa ne, ba a ciniki da ɗan'uwa. Ladan ɗan'uwan shi ne shinkafar biki a leda, da kuɗin sabulu ranar da aka tuna. Sai kuma ragowar fim. Al'adar masu hoto ce a nan, in an tashi biki fim ya yi saura, na mai taimako ne, a ɗauke shi ko iyalinsa. Amma a wajen Shu'ibu fim ba ya saura. Ana shirin naɗe waya wata mai gwaggwaro za ta taso ta ce a ɗauke ta, ta miƙa kuɗi, shi ke nan. Bunu ya yi dariya ya ce sai biki na gaba. Mutumin da ya haska fuskar rabin amaren garin nan ba shi da hoto ko guda, ko na fasfo.

Ciwon kuwa a daminar da kogi ya cika ya shanye fadama ya samo shi. Biki suka je wani ƙauye ta wajen Miga, kwalekwale ya kasa kai su gaɓa, Bunu ya ɗora janareta a ka ya ratsa ruwa har ƙirji. Da jiƙaƙƙun kayan ya wuni riƙe da fitila. Tun daga ranar tari ya kama shi bai sake shi ba. Da ya ga jikin ya ƙi, ba magani ya roƙi Shu'ibu ba. Hoto ɗaya ya roƙa, shi da yaron, don kada Umara ya girma bai san fuskar ubansa ba.

Sai bayan la'asar muka ji ƙarar Besfa a ƙofar gida. Bunu ya gyara zama da ƙyar, ya lashi yatsa ya goge wa yaron gira. Shu'ibu ya yi sallama ya shigo, ƙamshin turare ya riga shi. Na dubi wuyansa, na dubi hannunsa. Babu kyamara.

Ya yi ya jiki, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya tambayi Yakaka ina naɗin wayar da aka bari a nan, akwai biki a Jahun gobe.

"Hoton fa, Alhaji?" in ji Bunu.

"Wallahi fim ya ƙare jiya, ɗan'uwa. Ka bari ka ɗan murmure. Yanzu in na ɗauke ka ai ba za ka so hoton ba."

Na ce masa fim ana sayar da shi a bakin kasuwa, ni zan saya. Ya ce ba irinsa yake sakawa ba, nasa daga Kano ake kawowa. Ya saɓa wayarsa ya fita. Bunu ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya cire hular da kansa ya miƙa wa Yakaka ya ce ta mayar akwati.

Na yi niyyar nemo wani mai hoton washegari. Bunu ya hana, ya ce Alhaji zai ji babu daɗi. Ranar Alhamis da hantsi ina shanya na ji kukan Yakaka ta kan katanga. A wajen zaman makoki, Luka ya ce min, Shu'ibu ya fi kowa share hawaye, yana gaya wa mutane ya rasa hannunsa na dama.

Bayan sadakar bakwai na je shagonsa. Bango huɗu cike da hotuna, amare, angwaye, 'yan makaranta, har da wani riƙe da ragon layya. Na ce ya duba min ko Bunu ya taɓa faɗowa cikin wani, ko da gefen fuska ne. Ya ce mai fitila a bayan kyamara yake tsayawa, in ya shigo hoto ai ya ɓata aiki. Kaset-kaset kuma, da zarar ya ba masu biki nasu, sai ya ɗora wani bikin a kan nasa. Na gaya masa abin da na riƙe a bakina tun ranar kunu, har masu shagon kusa suka leƙo. Ban ji sanyi ba ko kaɗan.

Da ƙyar Luka ya samo aron kaset ɗin bikin ƙauyen nan ta hannun wani malami ɗan Miga. Yakaka tana takaba ba ta fita, don haka da aka kawo wuta da rana muka ɗauki talabijin da bidiyonmu muka kai ɗakinta. Muka zuba ido tun daga shigowar 'yan kai amarya. Fuskoki fes, har zanen lallen amarya ana gani. Babu Bunu. Na miƙa hannu zan kashe, Yakaka ta riƙe ni.

Daga bayan kyamara wani ya yi tari, hasken da ke fuskar amarya ya girgiza. Muryar Shu'ibu ta ce a riƙe da kyau mana. Hasken ya tsaya cak.

"Mayar baya, Maman Rut."

Na mayar. Ta ɗauko Umara ta zaunar da shi a cinyarta daf da talabijin, ta kama ɗan hannunsa ta ɗora a kan gilashin.

"Ga Babanka nan," ta ce.

Tarin ya sake fitowa, hasken ya girgiza a ƙarƙashin yatsun yaron.