Yatsu Huɗu

…kuma wai "ya yi". Ya yi! Yaya, da bakinka ka faɗa, ni ina tsugune ina kallon tayar baya tana juyawa abinta kamar ba a taɓa ƙirƙiro birki a duniya ba. Na kafe babur a ƙafarsa ta tsakiya, na wulwula taya da hannuna, na ce taka. Ka taka — wato ka ce ka taka. Diddigenka ya zame gaba, gumi ya karyo maka har wuyan riga, taya ko gezau, sai da ta gaji don kanta ta tsaya. Ka sauko, ka ɗauki sandarka: "Ya yi, Injiniya, sannu da aiki. Gobe da safe zan zo in ɗauka." Ƙwas… ƙwas… har yanzu ina jin sandar nan a bakin ƙofa.

Tir.

Sati uku ina cikin tsakar gidan nan kamar mahaukaci. Kwalin sabulu na fara yankawa na fitar da siffa, na ɗora kan guntun ƙarfen tsohuwar ƙofa, na bi da alli, na bi da zarto. Zarto fa! Hannu ya yi kanta, kantar ta fashe, ta sake yin wata. Matakin ƙafa da ke ƙarƙashin mutum na ɗauko shi na kai gaban inji, birki a dama, giya a hagu, kowanne da dogon rodinsa, don ƙafar da ba ta lanƙwasuwa ta samu wurin miƙewa. Karon farko na ɗaura rodin giya a ƙasan mahaɗi maimakon sama, ka taka ƙasa giya ta hau, ka ɗaga ta sauka — babur ya koma ɗan adawa. Na yanke, na sake. Tartsatsin walda ya huda wa uwar yara zane biyu a kan igiya, har yau da gefen baki take gaishe ni. Idona kuwa kamar an zuba yashi.

Su kuma 'yan gareji, kaico, masu riƙe sifana kamar cokali. Na je neman bututu, ogansu ya dube ni sama da ƙasa, wai babur nake haɗawa ko kujerar aski? Aka kwashe da dariya. Mutanen da in noti ya ƙi kwancewa guduma ce maganinsu! Shekara talatin suna cire sabo suna sa tsoho, ba wanda ya taɓa tambayar kansa me ya sa ƙarfen ya lanƙwasa ta nan bai lanƙwasa ta can ba. Ni ba wanda ya koya min, ni na — to, na iya. Ga shi nan na iya. Baƙin fenti yana ta sheƙi, walda sumul kamar ɗinkin tela, ga zanen diddigenka a kai. Nan ne ya zame. Ya wuce matakin da… ɗaya, biyu… yatsu huɗu.

Yatsu huɗu! Ni da nake auna abu sau uku?

A'a. Wannan ban auna sau uku ba.

Kana kan babur, ni ina ƙasa da tef da alli. Na ce sa ƙafar inda ta fi maka daɗi. Ka miƙe ta, sai kuma ka jawo ta baya, a hankali, a hankali, gwiwar tana tanƙwaruwa kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Na ji haƙoranka. Wallahi na ji. Ban ɗaga kai ba, na shata alli, na ce shi ke nan sauko. Ka ce, "Ka gani? Ta kusa warwarewa." Na ce ƙwarai kuwa. Maƙaryata biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da tef a tsakaninsu. Mtsw.

Wane irin taurin kai ne wannan, Yaya? Mutum ya yi wa tela ƙarya a faɗin ciki, an ji, riga ce za ta matse shi. Amma birki? Gobe ofishin ruwa suke jiranka, ko ka koma zagayen duba mita ko su ba wani layinka, haka suka rubuto, kuma hanyar ta gangaren gada take bi. Wannan gangaren dai. Za ka sauko shi da ƙafar da ba ta iya danna mataki, kana murmushi, kana "ya yi"?

Waya. Guntuwar waya ce, irin ta ɗaure kara, tsawon ɗan yatsa. Shekara biyu da suka wuce, fil ɗin da ke riƙe rodin birkinka ya faɗi a ƙofar gidan nan, kana sauri, ni ma ina sauri — ina zan je ne ma? ban ma tuna ba, ka ji abin takaici — na murɗa ta da filaya. "Za ta kai ka gida, gobe in sa na gaske." Gobe. Kwana tara ana gobe. Sai warin asibiti, da ƙarafa a cikin ƙafarka, matarka tana ta juya kofi a hannu. Da aka turo babur ɗin gida ba tanki na fara dubawa ba, ba fitila ba. Rodi yana lilo. Ramin fil ɗin fayau.

Ka ce wa kowa rami ka faɗa. Rami! Gangaren da aka yi wa kwalta wata biyu kafin nan. Shekara biyu ina jira ka zage ni, ka tara dangi ka nuna ni da sandar nan, ka ce ga gwanin da ya gama da ni. Sai dai "Injiniya, ya yara?" Da zagina ka yi da tuni na warke. Kai kuwa sai ka zauna kan babur ka lanƙwasa abin da ba ya lanƙwasuwa, don kada ƙaninka ya ga iyakar ɓarnarsa a jikin tef… ni kuma na karɓa. Da sauri ma na karɓa. Allah wadaran hali irin nawa.

To in ƙara yatsu huɗu mana. Ƙarfe akwai, tsinken walda akwai, rana ba ta faɗi ba. In yanke, in ƙara tsawon rodi, ka zo da safe ka tarar, ba wanda ya ce wa wani komai. Sai dai huɗun nan inda diddige ya karci fenti ne kawai. In shida ne fa? In sawun ya wuce a iska? Kintace ke nan. Za ta kai ka gida ke nan. Wayar ce dai, an shafa mata fenti.

Dole sai na zo gidanka. In ce cire wandon nan ka ɗaura zane, miƙe ta iya gaskiyarta, in sa tafin hannuna a kan tabon, in duba lamba, in faɗe ta da ƙarfi. In ka tambaye ni me ya sa sai yanzu…

Ga tef a hannuna. Gidanka layi biyu ne kacal. Uwar yara tana kwashe shanya tana satar kallona, ni ina nan tsugune gaban taya tun fitarka.

Gwiwata lafiyarta ƙalau. Duka biyun. To me ya hana su tashi?