Turaku Biyu a Dutsena

A ƙofar shagona da ke Tudun Wadar Gusau muka ƙulla da Amos, wanda ya sa mini kyamara a sitona na hatsi a Tsafe. Wata uku hoton na daskarewa a wayata, ina ganin lebura ɗauke da buhu ya tsaya cak kamar gunki. Na ba shi kwana ɗaya. In laifinsa ne, ya kwashe kayansa, kuma duk 'yan kasuwar da na kai shi wurinsu sai sun ji. In ba nasa ba ne, ni da ƙafata zan je wa mai laifin.

Ya buɗe kwamfuta, ya aika saƙo a bi sawunsa. Layuka suka fara fitowa. Ban yi boko ba, amma shekara ashirin na yi ina tuƙa babbar mota, da ya ce kowane layi zango ne na gane. Saƙon ya bar Tsafe, ya yada zango a Kwatarkwashi, ya gangara Legas, ya haye teku, ya dawo Legas a hannun wani kamfani, ya sake biyowa ta Kwatarkwashi, sannan ya iso Gusau.

"Maimaita mini Kwatarkwashin nan," na ce.

"Sau biyu, Baba. Turken sadarwa na Alhaji Sahabi ne ya fitar da shi, na Malam Haliru ya shigo da shi. Ba su haɗa waya ba."

Raina ya ɓaci, domin gefen dutsen Kwatarkwashi da turakun biyu suke tsaye gadona ne, ni na ba su haya. Taku goma sha biyu ne tsakaninsu. Buhun gerona sai ya je Turai saboda taku goma sha biyu.

Na sami Sahabi a ofishinsa na Gusau, ya ce shi ya riga kafawa, ƙarami ke zuwa gaida babba. Na tafi Bungudu wurin Haliru, ya ce masu amfani da nasa sun fi yawa, ba zai je roƙo ba. Wayar da za ta haɗa su, in ji Amos, ba ta kai igiyar guga tsawo ba.

Na ce musu ko su haɗa kafin Juma'a, ko su sauka mini daga dutse. Na zaci na kama su. Ranar Alhamis Haliru ya turo mota ya kwance turkensa, ya koma dutsen maƙwabcina.

Amos ya tsira da sunansa, har na ƙara kai shi wurin mutum biyu. Maƙwabcina ya sami ɗan haya, masu dakon saƙo a Legas suna nan suna ci. Ni na rasa ɗan haya, leburan nan kuma yana nan tsaye da buhunsa.